Likitanku ya ce ana tambaya, to wa ake tambaya?

Salamu alaikum Malam Edita,

Likitan nan da kuka kawo a shirinku ranar Asabar wallahi ya ɓata min rai. Wai duk wanda ya je asibiti sai an tambaye shi ko yana shan sigari. A wane asibitin? Ƙila dattawa masu hawan jini ake tambaya, amma ɗan sakandare ba mai kawo masa wannan zancen.

Ɗan yayata da nake riƙo shekararsa 16, tari ya sa shi gaba ba dare ba rana, in ya hau gadar tsallaka titi sai ya tsaya yana haki kamar tsoho. Na kai shi asibiti muka yanki kati muka bi layi tun safe, aka ce gwajin maleriya da taifod, aka rubuta maganin tari, muka koma aka ce a kawo majina a duba tarin fuka, aka duba babu, duk wannan zirga-zirgar ba nas ba likita da ya buɗe baki ya ce kai yaro kana busa hayaƙi? Mai shayin layinmu ne ya ja ni gefe ya ce Hajiya yaron nan fa ya daɗe yana sha, har da shisha.

Kuma ko da sun tambaya, a gabana zai amsa? Ina! Ai cewa za a yi in ɗan fita waje, likita ya tambaye shi daga shi sai shi. Yawancin mashaya tun suna samari suka fara, huhun yaro bai ma gama girma ba, in aka gano da wuri ya fi sauƙin bari.

Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, ta hana sayar da kara ɗai-ɗai sai dai kwali. Ku zagaya Agege da Mile 12 da Idi-Araba ku gani, mai tebur zai miƙa wa yaro kara ɗaya ya haɗa masa da TomTom na kashe wari, kuma mu faɗi gaskiya da yawansu namu ne 'yan Arewa. Wannan batun kuwa likitanku ko taɓa shi bai yi ba.

Sannan dan Allah layin wayarku. Kullum mutum ya kira ba ya shiga, sai muryoyin nan dai da muka haddace su ne ke samu su cinye lokaci da gaishe-gaishe. Ku dawo da likitan, ina da tambaya.

Mai sauraronku daga Agege, Legas