Faifan jaz da zafin Damagaram

Malam Edita,

Tun 2019 Blue Note, kamfanin faifan jaz na Amurka, ke sake buga faya-fayan salon jaz na bebop da hard bop a jerin da ya kira Tone Poet, daga asalin tef, kowanne giram 180. Sautin ya yi daɗi ƙwarai, amma masu saye a Zinder su kula.

Garmahon Amurka da injinsa ke bin wutar 60 Hz (wato bugu 60 a daƙiƙa), in an jona shi a tamu mai 50 Hz, juyi 33 a minti ya koma kusan 28, sautin ƙaho ya yi nauyi. A tambaya kafin saye.

Zafin Afrilu yana lanƙwasa faifai. A jera su tsaye, nesa da rufin kwano. Ƙurar hunturu kuwa tana cin allura, a goge faifai kafin kowane sauraro.

Masu gyaran garmaho,
Damagaram