Wasiƙa zuwa ga iyaye: haƙoran yaranmu da man goge baki

Assalamu alaikum iyaye da masu kula da yara.

A wannan zangon karatu, ciwon haƙori ya hana yara da dama zama a aji. Shekaranjiya wata 'yar aji biyu ta kurɓi ruwan leda mai sanyi, nan take ta dafe kunci hawaye na zuba. Da malamarta ta duba, sai ga baƙin rami a turmin haƙorinta na can ciki. Abin ya tsaya mini a rai, domin wannan haƙorin yakan fito ne wajen shekara 6, kuma ba ya famfara. In ya ruɓe, babu wani da zai tsiro a gurbinsa.

Saɓanin yadda ake faɗa, babu wata tsutsa a cikin ramin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne ke cin ragowar alewa, biskit da lemon kwalba, su fitar da tsami mai zaizaye ɓawon haƙori. Sinadarin fulorayid yana ƙarfafa ɓawon, shi ya sa a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man da ke ɗauke da shi cikin jerin muhimman magunguna. In za ku saya, ku duba kwalin: lambar NAFDAC, da fulorayid 1,000 zuwa 1,500 ppm (ma'aunin yawansa a cikin man).

Ɗan ƙasa da shekara 3, a shafa masa man a kan buroshi kamar ƙwayar shinkafa. Daga 3 zuwa 6, kamar ƙwayar wake, babba na tsaye a kansa kada ya haɗiye. Sau biyu a rana, minti biyu. Na dare ya fi muhimmanci, domin yawu na raguwa a barci. Ga inda yawancinmu ke kuskure, har mu manya: a tofar kawai, kada a kurkure, ruwa na wanke fulorayid ɗin.

Aswaki sunna ne, a ci gaba da shi tare da buroshi mai laushi. Gawayi da toka dai a bar su, kankare haƙori suke yi. Mai jin zogi da sanyi ko zaƙi, akwai man da aka yi domin haka, amma yakan ɗauki kamar mako biyu kafin a ji sauƙi, kuma ba ya toshe rami. A fara kai yaro wurin likitan haƙori.

In haƙoran yaran gidanku na yin dabbare-dabbaren fari ko ruwan ƙasa, ku gaya wa likita. Wataƙila fulorayid ya yi yawa a ruwan rijiyarku, kamar yadda aka gani a Tibiri ta jihar Maraɗi.

Don Allah, daren yau a haska bakin kowane yaro da tocila a duba.

Wassalam,
Shugabar makaranta