Takardar koyar da Ingilishi da aka saya da kuɗin tumaki

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shekara 26 na yi ina koyar da Ingilishi a kwaleji da lise nan Damagaram kafin in yi ritaya. Makon jiya bayan la'asar ɗan ƙanena ya zo ya shimfiɗa mini wata takarda a kan tabarma, mai tambari ruwan zinariya, ga sunansa da manyan baƙaƙe. Ya ce, "Baba, na samu takardar koyar da Ingilishi, Koriya zan tafi." Talla ya gani a Facebook, ya biya jika 60, kuma tumaki biyu uwarsa ta sayar aka haɗa kuɗin. Kwana huɗu ya yi yana latsa amsoshi a waya. Ko ɗalibi ɗaya bai taɓa tsayawa a gabansa ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai, don yaron yana da ƙwazo, lisansinsa ma na Ingilishi ne. Amma gaskiya ɗaya ce, dole na faɗa masa.

Koriya ta Kudu ba ta takardarsa take yi ba, fasfo take fara dubawa. Bizar da take ba malaman Ingilishi, wadda ake kira E-2, kusan kacokan ta 'yan ƙasashe bakwai ce: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ayaland, Ostareliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Babu Nijar a ciki, babu ma Nijeriya da ke aiki da Ingilishi. Mai tallar nan ya san haka sarai, ya yi gum.

Inda kuwa ake karɓar irinmu, digirin jami'a ne sharaɗin farko a galibin wurare. Sai takardar horo ta gaske. Waɗanda aka fi yarda da su su ne CELTA ta jami'ar Kambirij da CertTESOL ta hukumar jarrabawa ta Trinity, duka a Birtaniya. CELTA kusan awa 120 ce, kuma a ciki akwai awa 6 da za ka koyar da ɗalibai na gaske, mai horarwa na zaune a bayan aji yana rubuta kurakuranka. Wannan awa 6 ɗin ita ce ƙashin bayan abin. Ni da na sha alli na sani, wanda ya haddace nahawu a ɗaki daban, wanda zai iya sa yara 80 su buɗe baki su yi magana daban. Mu da ba da Ingilishi aka haife mu ba, sau da yawa sai mun haɗa da sakamakon jarrabawar iya Ingilishi irin IELTS, da takardar shaidar rashin laifi daga kotu.

Ba hana yaranmu fita nake yi ba. Amma tun da dokar ƙasa ta 2025 ta sa Ingilishi cikin harsunan aiki, nan gida ma ana neman malamai. Na ce masa ya fara da koyarwa nan, ya tara shekara biyu na aiki, yana adana kuɗin jarrabawa.

Roƙona, Malam Edita, ku ware shafi ku yi wa iyaye wannan bayani da Hausa, a karanta musu a rediyo ma in da hali. Uwar yaron har yanzu tana tambayata yaushe za a kira shi, ni kuwa na rasa bakin gaya mata.

Naku,
Tsohon malamin Ingilishi,
Unguwar Birni, Damagaram