Wasiƙa daga bakin shinge

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Wasiƙarka ta iso, kuma na sha dariya da tambayarka: wai me ya kai magidanci kamata ya tsuguna a bakin gona cikin sanyin Ingila yana gadin tantabarun roba? To, gyara zama. Farautar tantabarar daji nake yi, na robar kuwa don su yaudari na gaske su sauko ne.

Tantabarar dajin nan ta fi ta gida girma, takan kai kusan rabin kilo, tana da farin tabo a wuya da farin zane a kowane fiffike. Manoma ba sa ƙaunar ganinta. Da hunturu takan sauka garke guda a gonar rep, shukar da ake matse mai daga irinta, ta tsinke ganyen tas. Lokacin shuka ta bi iri, in alkama ko sha'ir suka kwanta kafin girbi ta bi su. Shi ya sa manomi ke murna da mai bindiga. Amma kada ka ɗauka kowa ke saɓa bindiga ya fita. Wata dokar ƙasar ta shekarar 1981 ta kare duk tsuntsayen daji, harbin tantabara kuma yana tafiya ne a kan wani lasisi na bai-ɗaya da aka yi don kare amfanin gona. A watan Afrilu na 2019 ma sai da aka janye shi na ɗan lokaci, bayan wata ƙungiyar kare namun daji mai suna Wild Justice ta kai ƙara. Ga takardar riƙe bindiga daga 'yan sanda, ga izinin mai gona. Sai da na haɗa waɗannan kafin na taka ko kunya ɗaya.

Fitata ta farko abin kunya ce. Na sayi tantabarun roba guda 20, na jera su sahu-sahu kamar sojoji a fareti, kusa da inda na ajiye mota don kada in sha tafiya. Tun hantsi har la'asar ina kallon tsuntsaye suna wucewa can ƙarshen gona, ko kallo ban ishe su ba. Harsashi biyu na harba, duka a iska.

Wani dattijo da ya daɗe a harkar ne ya tausaya mini. Ranar da muka fita tare, ya hana ni taɓa buhun robar. Kusan awa guda muka yi tsaye a bakin hanya muna kallo kawai. Ashe tsuntsayen nan suna da hanyarsu a sama kamar yadda muke da tamu a ƙasa: daga kurmin da suke kwana su bi layin shinge, su ratsa ta kan wata bishiya, su faɗa gona. Ya ce in ba ka ƙarƙashin wannan hanya, ko roba ɗari ka zuba aikin banza ne. Sai da muka gane ta sannan muka kafa maɓoya a jikin shinge, da sanduna da raga mai launin ganye.

Sai maganar iska, wadda ita ce ta fi ɗaure mini kai. Tsuntsu yana sauka ne yana fuskantar iska, don ita ke riƙe shi ya rage gudu. Saboda haka muka zauna iska na bugun ƙeyarmu, muka shirya robar kamar jinjirin wata: bayan watan yana wajenmu, ƙahonin biyu sun miƙe inda iska ke tafiya. Tsakiya muka bar ta fili fetal, kamar yadi 25 daga maɓoya. Wannan filin shi ne duk dabarar. Tantabara ta taho ta ga 'yan uwanta suna kiwo, ta ga an bar mata wurin sauka, sai ta ware fiffike ta shigo ta bakin watan, ƙirjinta na kallonka. Ni da na cunkushe nawa, ina za ta sa ƙafa? Tsakanin roba da roba ya bar taki biyu ko uku, kuma bai yarda duka su kalli wuri ɗaya cak ba. Wata ya karkata ta dama, wata hagu, domin garken da ke ci hankali kwance ba ya tsayawa a layi.

Akwai ƙananan abubuwa da ke ɓata aiki. Robar da ta jiƙe takan yi ƙyalli a rana, tsuntsu kuwa ba ya ƙyalli, shi ya sa ake son mai gashi-gashi a jiki. Wadda ka harbo ta faɗi rigingine, ko gashinta ya watsu a fili, tashi ka ɗauke, in ba haka ba za ka ga na sama suna juyawa tun daga nesa. Amma in ka kifa ta, ka tokare haɓarta da ɗan tsinke, ta fi kowace roba kira. Ana sayar da wata na'ura mai batir da ke juya tsuntsu biyu a kan dogayen hannuwa, farin fiffikensu na walƙiya. Tana aiki wata rana, wata rana kuma korar su take yi, kuma nauyinta ya ishi mutum a cikin taɓo. Ni dai ban saya ba tukuna.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne zama shiru. Idon tantabara kamar na ɓarawo yake, da ka ɗaga fuska ko bakin bindiga ya motsa kafin lokaci, ta kauce. Sau uku dattijon yana danne mini kafaɗa. Ranar na samu bakwai, shi kuwa na daina ƙirga masa don kada raina ya ɓaci.

Mai gonar ya ce in dawo bayan girbin sha'ir, lokacin da suke sauka kalar hatsin da ya zube. Ka rubuto mini yadda jikin Baba yake, Allah ya ƙara masa sauƙi. A gaida yara.

Naka har kullum,
Amininka