A daina barin uwar garken DNS tana sauraron kowa da kowa

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin masu haɗa intanet a makarantu, otal-otal da ƙananan ofisoshi kan wani sakaci da ya zama ruwan dare, wato barin uwar garken DNS tana amsa tambaya ta kowane katin sadarwa da ke jikin na'ura.

Aikin DNS shi ne nemo lambar IP (wato adireshin na'ura a intanet) ta sunan shafin da mutum ya rubuta, kuma ta ƙofa mai lamba 53 take karɓar tambayoyi. Na'urar da ke raba intanet a ofis fuska biyu gare ta, ɗaya tana kallon kwamfutocin ciki, ɗaya tana kallon duniya, kuma na ciki kaɗai ne ke da haƙƙi a kan wannan hidima. Sai dai BIND, ɗaya daga manhajojin da ke aikin DNS, muddin ba a rubuta mata layin listen-on a fayil ɗin named.conf ba, takan saurara ta duk adireshin da ta samu a kan na'urar, sannan IPv6, sabon tsarin adireshin intanet, yana da nasa layin daban, listen-on-v6, wanda shi aka fi mantawa da shi. Unbound, wata manhajar DNS ɗin, ta fi taka-tsantsan, domin ita na'urar da take kai kawai take amsa wa har sai an buɗe mata hanya. Abin ya fi muni a kan MikroTik, na'urar raba intanet da ta cika ofisoshinmu, domin da zarar an kunna allow-remote-requests, in babu katangar tsaro da ta toshe ƙofa ta 53 daga waje, to kowa ma ya zama ɗan gida.

Ɓarnar ba ƙarama ba ce. Mahari kan aiko ƙaramar tambaya da adireshin wanda yake son durƙusarwa a maimakon nasa, uwar garken kuma ta tura doguwar amsa ga wancan adireshin. Da irin waɗannan buɗaɗɗun na'urori aka kai wa Spamhaus, ƙungiyar da ke yaƙi da saƙonnin imel na shara, hari a watan Maris na 2013, wanda ƙarfinsa ya kai wajen gigabit 300 a daƙiƙa. Shi kuwa mai na'urar, sai ya ga intanet ɗinsa na tafiyar hawainiya, data na ƙarewa, ya yi ta zargin kamfanin da ke ba shi layi alhali ɓarakar daga gidansa take.

Na san uwar garken da ke riƙe da sunan shafin wata hukuma dole ta fuskanci waje, amma ita ma ya kamata a hana ta nemo wa baƙi amsar sunayen da ba nata ba. Sauran kuwa a ɗaure su a adireshin ciki. Wanda ke amfani da Linux ya buga umarnin ss -lnup ya duba: idan ya ga 0.0.0.0 ko adireshinsa na waje a gefen lamba 53, to akwai gyara. Bayan gyaran, ya sake tayar da manhajar, ya gwada tambayarta da dig, umarnin aika tambayar DNS, ta layin wayarsa, ya tabbatar ba ta amsa ba.

Naka,
Wani mai sana'ar haɗa kwamfutoci, Kano.