Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Lafiya Ta Duniya, Dakta Tedros Adhanom Ghebreyesus

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan wani giɓi da ke cikin karatun likitoci da ma'aikatan jinya, wato ƙarancin koya musu yadda za su ɗora majiyyaci a kan motsa jiki kamar yadda ake koya musu rubuta magani.

Hukumarka ce ta bayyana cewa a 2022 kashi 31 cikin ɗari na baligai a duniya, kimanin biliyan 1.8, ba sa kaiwa mizanin da ta gindaya na minti 150 zuwa 300 a mako na matsakaicin motsi, irin tafiya da sauri. Hujjar amfanin kuwa tsohuwa ce, domin tun 1953 wani likita mai bincike a Birtaniya, Jeremy Morris, ya nuna cewa kwandastocin bas na Landan, masu wuni suna hawa da sauka a matakala, sun fi direbobi tsira daga ciwon zuciya. A 2002 wani babban bincike a Amurka ya gano cewa gyaran abinci da motsa jiki sun rage kamuwa da ciwon suga da kashi 58 a tsakanin waɗanda ke dab da kamuwa, alhali metformin, maganin ciwon suga, ya tsaya a kashi 31.

Duk da haka, ɗalibin da ya haddace awon metformin tsaf, idan dattijuwa mai hawan jini da ciwon gwiwa ta tambaye shi abin da za ta yi, sau da yawa amsarsa ba ta wuce "Mama, ki riƙa motsa jiki" ba. Wannan fatar baki ce kawai. Kamata ya yi ya san da minti nawa za ta fara, yadda za ta ƙara sannu a hankali, da alamun da za su sa ta dakata nan take, kamar ciwon ƙirji ko jiri. Ya kuma san cewa sugan mai allurar insulin na iya faɗuwa bayan motsi.

Roƙona shi ne hukumarka ta haɗa kai da hukumomin da ke tantance makarantun lafiya, a sanya wannan darasi cikin manhaja, kuma a sanya shi cikin jarrabawar ƙarshe, inda ɗalibi zai zauna da majiyyaci a gaban malamansa ya tsara masa motsa jikin mako guda. Abin da ba ya fitowa a jarrabawa, ɗalibi ba ya ba shi lokacinsa. Waɗanda suka shiga makaranta bana su ne za su riƙe asibitoci bayan 2030, shekarar da kuka ɗibar wa burin rage rashin motsa jiki da kashi 15.

Ka huta lafiya.