Kafin ofis ya kwashe bayanansa zuwa girgijen intanet

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni fili in ja hankalin shugabannin makarantu, asibitoci, kamfanoni da ƙungiyoyi da ake ta kwaɗaita wa komawa girgijen intanet. Haya ce, ba saye ba: maimakon ofis ya ajiye babbar kwamfuta da janareta da na'urar sanyaya ɗaki, sai ya yi hayar ta wani kamfani da ke cibiyarsa, ya shiga ta intanet. Amazon ya buɗe wannan kasuwa a 2006, Microsoft da Google suka biyo baya.

Hayar iri uku ce. Akwai manhajar da aka gama haɗawa, kamar Google Workspace ko Microsoft 365, a biya bisa adadin ma'aikata. Akwai dandalin da masu rubuta manhaja ke ɗora aikinsu. Akwai kuma kwamfuta zalla, wadda sabunta ta da tsare ta duk na kan mai haya. A ganina yawancin ofisoshinmu na farkon ya ishe su. Wanda ya ɗauki na uku ba shi da ƙwararre ya sayo wa kansa wahala.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen buɗe asusu. Sai a sa wani matashi a ofis ya buɗe da imel ɗinsa da lambar wayarsa. Ranar da ya bar aiki, ko aka sami saɓani, ya tafi da makullin komai. A buɗe da sunan hukuma, a naɗa masu kula biyu, kowane ma'aikaci ya sami nasa asusun, a kunna tantancewa mai mataki biyu (kalmar sirri da ƙarin wata shaida, kamar lambar da ake turowa waya), a rufe asusun duk wanda ya tafi a ranar da ya tafi. Mai gida ne ke gyara rufi, amma kulle ƙofa aikin ɗan haya ne. Idan aka bar babban fayil a buɗe ga duk mai adireshinsa, kamfanin ba zai ɗauki laifi ba.

Sai kuɗi. Farashin manyan kamfanonin da dala ake yanke shi. Wanda ya yi kasafi a farkon 2023, dala na wajen naira 460 a hukumance, ya tarar da ita ta haura 1,500 a 2024 ba tare da ya ƙara komai ba. Kwamfutar haya kuma da awa ake lissafa ta, ko ana aiki ko ba a yi, don haka wadda aka kunna domin gwaji aka manta tana cin kuɗi dare da rana. Shigar da bayanai galibi kyauta ne, fitar da su ake caji. A sa ƙararrawar kasafi, wato saƙon gargaɗi idan kuɗin da ake kashewa ya kusa haura iyaka, tun ranar farko.

Layin intanet ma a auna shi, musamman saurin turawa, domin masu talla saurin saukewa suke faɗi. Tura gigabayit 500 a kan layi mai megabit 10 a daƙiƙa na ɗaukar kusan kwana biyar, idan wuta ba ta ɗauke ba. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, ciki har da MainOne da WACS, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar bankuna ta tsaya cak a wurare da dama. A tanadi layi biyu daga kamfanoni daban-daban. Alkawarin cewa hidima za ta yi aiki kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci da ake rubutawa a yarjejeniya kuwa yana nufin ana iya rasa hidima kusan minti 43 a wata, kuma bai shafi layinku ba.

Mutane da yawa na zaton ajiya a girgije ta wadatar. Idan ƙwayar cutar masu neman fansa ta kulle fayilolin kwamfutar ofis, manhajar da ke daidaita fayilolin ofis da na girgije za ta tura gurɓatattun sama. Abin da aka jefa a kwandon sharar Google Drive ma bayan kwana 30 yake ɓacewa. A riƙe kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri daban, a riƙa gwada dawo da su duk wata uku.

A tambayi inda bayanan za su zauna. Manyan cibiyoyin Amazon, Microsoft da Google a Afirka suna Afirka ta Kudu, alhali Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta gindaya sharuɗa kan fitar da bayanan mutane daga Najeriya. Asibiti ko makaranta na iya duba cibiyoyin ajiyar bayanai na gida, irin su Rack Centre a Legas, ma'aikatun gwamnati kuma Galaxy Backbone, kamfanin gwamnatin tarayya. A fara da imel da takardun ofis, a bar albashi da bayanan marasa lafiya sai hannu ya faɗa.

Na gode.

Wani injiniyan kwamfuta,
Kaduna